Mutum-mutumin da ke kwance cikin tsofaffin cocin ƙauyukan Ingila, dan Allah wa ya san ma'anarsu?

Maman_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ko suka karanci tarihinta. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi ta wajen Grantham, wata takwas kenan da zuwana. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta sau uku a sati, ta haura tamanin, to ranar Laraba sai tace in tura ta a kekenta zuwa cocin garin Bottesford tana so ta ajiye fure a kabarin mijinta da ke waje cikin harabar, muna gamawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya dole muka fake a ciki. Wallahi abin da na gani har yanzu bai fita a raina ba.

Can gaba ta wajen da limaminsu ke tsayawa, wurin a cike yake maƙil da mutum-mutumi na farin dutse, a kwance rigingine kamar masu barci, miji da mata kusa da juna, sun haɗa tafukan hannu a ƙirji, mazan da kayan yaƙi har da takobi, matan kuma an sassaƙa har ninkin rigarsu da sarƙar wuya da zobe, kai kace in ka taɓa zaka ji laushin yadi. A ƙarƙashin ƙafafunsu akwai dabbobi. Akwai wani ƙato da ya kai har rufin ɗakin, mutum ɗaya a tsakanin mata biyu, ga wasu yara maza biyu a durƙushe kowanne riƙe da ƙoƙon kan mutum a hannu, nan ne jikina yayi sanyi. Tsohuwar tace min wai mayu ne suka kashe yaran kuma an rubuta hakan a jikin dutsen, ni dai na ɗauka tsufa ne ke sa ta faɗi haka, mayu a Ingila?

Abin da nake son sani, gawarwakin suna cikin akwatunan dutsen nan ne ko kuwa? Kuma me ya sa ake binne mutum a cikin ɗakin ibada ga maƙabarta a waje? Sannan ko'ina ka duba akwai ƙananan garkuwoyi masu launi, an raba wasu gida huɗu wasu gida fiye da goma, da zakuna da furanni da ɗawisu. A wani ƙauyen kuma da nake zuwa aiki na taɓa leƙawa naga wasu alluna baƙaƙe rataye sama a bango, an karkata su kusurwa na kallon sama, rabi baƙi rabi fari. Na tambayi abokan aikina Turawa, ba wadda ta iya min bayani, sai dai suce ai tsofaffin kaya ne. Ni kuma abin ya tsaya min a rai don na san mutum ba zai kashe wannan dukiya a kan dutse haka siddan ba.

Dattijon_Leicester:

Wa alaikumus salam Maman Sadiq, sannu da aiki, Allah ya bada lada. Kin faɗa kan ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tarin irin waɗannan kaya a duk Ingila, kuma tsohuwarki gaskiya ta faɗa miki, ba ruɗun tsufa bane.

Waɗanda kika gani 'yan gidan Manners ne, masu sarautar Earl na Rutland, mutum takwas a jere, galibinsu da matansu, gidansu shine ƙaton ginin nan na Belvoir da ake hangowa a kan tudu, Turawan wurin Biba suke kiransa ba yadda aka rubuta ba. Har gobe zuriyarsu na zaune a can. Na farkonsu Thomas Manners ya rasu 1543. Wanda ya kai rufi kuwa na shida ne, Francis Manners, ya rasu 1632, matan biyu ba kishiyoyi bane, ta farko ta rasu ya auri ta biyu. Rubutun yana cewa 'ya'yansa maza biyu sun mutu suna ƙanana ta hanyar mugun aiki da sihiri. Labarin shine akwai wata mata Joan Flower da 'ya'yanta mata biyu Margaret da Philippa da ke aikatau a gidan, aka sallami ɗaya, bayan nan yaran suka kama ciwo, babban ya rasu 1613, sai aka ce su ne suka ɗauki safar hannun yaron suka yi masa sammu. Aka kama su, uwar ta mutu a hanya kafin a kai Lincoln, 'yan matan biyu aka rataye su a 1619. Abin da ke taɓa ni a labarin nan duk lokacin da na tuna shine ƙaramin yaron bai rasu ba sai 1620, wato an riga an rataye waɗanda ake zargi amma ciwon bai sake shi ba. Uban ya tafi kabarinsa da yaƙinin maita ce, ya sa aka rubuta a dutse, su kuwa matan uku ko sunansu babu a wurin. Mu da muka san yadda zargin maita ke rusa gidan talaka a ƙauyukanmu ba sai an mana dogon bayani ba.

Ƙoƙon kan da yaran ke riƙe da shi alama ce cewa sun riga iyayensu mutuwa. Zaki ga haka a coci da yawa, ana jera 'ya'ya a durƙushe, maza ta gefen uba mata ta gefen uwa, wanda ya mutu yana jariri kuma a sassaƙa shi a naɗe cikin zani.

Batun gawa, galibi akwatin dutsen nan fanko ne, gawar tana ƙarƙashin daɓen ko cikin wani ɗaki da aka gina a ƙarƙashin ƙasa na iyali. An daina binne mutane cikin coci a mafi yawan wurare tun wajen shekarun 1850 da aka yi dokokin binnewa saboda lafiyar jama'a.

Dalilin binnewa a ciki kuwa sai an koma zamanin da Ingila take Katolika. A aƙidarsu akwai wani matsayi tsakanin mutuwa da aljanna inda ake tsarkake rai daga zunubi, kuma addu'ar masu rai tana rage masa zaman wurin. To mai kuɗi yana so ya kwanta kusa da bagadi, wato teburin da limaminsu ke tsayawa a gabansa, inda ake ibada kullum, duk wanda ya shigo ya ganshi ya masa addu'a, shi ya sa tsofaffin rubutun ke farawa da roƙo cikin Latin cewa ku yi addu'a ga ran wane. Wasu har gona suke bari waƙafi a riƙa biyan fada guda, wato limamin coci, yana musu addu'a har abada. An soke wannan tsari a 1547, amma al'adar gina kabarin bata mutu ba, sai ta koma nuna asali da matsayi zalla, shi ya sa na bayan suka fi na farko girma da ado.

Farin dutsen sunansa alabasta, ana haƙo shi a Chellaston kusa da Derby da kuma wajen Tutbury, yana da laushi har da wuƙa ana iya yankarsa, shi ya sa kika ga ninkin riga ya fito haka, kuma shi ya sa zaki ga 'yan makaranta na ɗaruruwan shekaru sun kankare sunayensu a jiki. Da can fenti ake musu da ruwan zinari, yanzu ne suka koɗe. Akwai ma takardar kwangila da ta tsira ta 1419, matar wani Ralph Greene ta ba masassaƙa biyu na Chellaston, Thomas Prentys da Robert Sutton, aikin kabarin mijinta a kan fam 40, aka rubuta cewa a yi su riƙe da hannun juna. Yana nan a cocin Lowick a Northamptonshire, hannunsa cikin nata. Fam 40 a lokacin leburan gona sai ya shekara da shekaru yana aiki bai tara ba.

In kin samu hutu kije Ewelme a Oxfordshire. Akwai kabarin Alice, matar Duke na Suffolk, ta rasu 1475. A sama gata nan da kambi da kayan sarauta, amma in kika durƙusa kika leƙa ta ƙasa ta tsakanin ƙananan ginshiƙai zaki ga an sake sassaƙa ta a matsayin gawa, ta bushe, haƙarƙari a waje, cikin likkafani. Ni na daɗe a durƙushe a wurin nan. Makarantar yara da gidan gajiyayyu da ita da mijinta suka kafa a 1437 suna manne da cocin kuma har yau ana amfani da su.

Abu_Hafsa:

Hajiya ni dai nasiha zan yi, ba faɗa ba. Mu a addininmu an hana ɗaga kabari da gini a kansa da yin sura, hadisin Sayyidina Ali yana cikin Sahihu Muslim cewa Annabi SAW ya aike shi kada ya bar wani gunki sai ya shafe shi, ko kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Sarki da talaka ƙyalle fari ɗaya ne da rami ɗaya. Na san aiki ne ya kai ki kuma ruwa kuka fake wa, ba laifinki, amma kar sha'awar abin ta ja ki ki riƙa ganin kamar wani abin burgewa ne. In za a kalla a kalla don wa'azi. Mutanen nan sun kashe dukiya don kar a manta da su, gashi kin tambayi jikokin talakawansu ma basu san ko su waye ba.

Yaya_Rifkatu:

Malam Abu Hafsa na ji maganarka, kuma zaka yi mamaki in na ce maka Kiristocin Ingila da kansu sun yi wannan muhawara, har da guduma. Ni Kirista ce 'yar Wusasa, ina aikin jinya a Kent shekara goma sha ɗaya, a cocinmu na gida ba mu san wani kabari cikin ɗakin sujada ba, ranar da na fara gani nima sai da na ja da baya.

Maman Sadiq in kin lura da kyau a wasu wuraren zaki ga an karye hannayen mutum-mutumin daidai wuyan hannu, ko an fasa fuskokin mala'ikun da ke riƙe da matashin kai, ko kiga daɓe da gurbin mutum a jiki amma ƙarfen da ke ciki babu. Wani tsufa ne da sata, amma da yawa da gangan akayi. Bayan sarki Henry na takwas ya raba gari da Paparoma, musamman zamanin ɗansa Edward, masu gyaran addini suka ce addu'a ga matattu da surori bidi'a ce, aka bi ana farfasawa, abin yayi yawa har sarauniya Elizabeth ta farko ta fitar da sanarwa a 1560 ta hana lalata kaburbura don iyalai na rasa shaidar asalinsu. Sai kuma lokacin yaƙin basasar Ingila aka sake, akwai wani William Dowsing da aka ba izini a 1643 da 1644 ya zagaye coci-cocin Suffolk da Cambridgeshire, yana rubuta duk abin da ya fasa a littafi ƙauye bayan ƙauye, inda duk ya ga rubutun a yi wa wane addu'a sai ya sa a ɓanɓare. Shi ya sa wani kabarin zaki ga sunan mutum da shekarar mutuwarsa lafiya lau amma layin farko da na ƙarshe an kankare.

Wani nau'in da baki ambata ba, wanda ni na fi so, shine na tagulla da ake shimfiɗawa a daɓe, an zana mutum a jikin faranti. Wani lokaci suna ƙarƙashin kafet sai kin tambayi mai kula da wurin ya ɗaga miki. Kusa da ni a Cobham akwai su a jere a gaban bagadi, sun kusa ashirin, barade da matansu, babu kamarsu a ƙasar. A Chartham kusa da Canterbury akwai wani barde Robert de Septvans, sanye da sulke tun daga wuya har ƙafa, wallahi irin sulken da 'yan sulke ke sawa a hawan daushe, zobe cikin zobe, ga ƙaimi ga takobi cikin kube, kuma a jikin rigarsa da garkuwarsa an zana faifan sheƙe hatsi, domin sunan gidansu da Faransanci yana nufin faifai bakwai. Ranar da na gane haka sai naji mutumin ya matso kusa da ni, tunda faifai dai na sani tun ina yarinya a tsakar gidan kakata.

Dabbobin ƙafa kuma, zaki galibi na namiji ne alamar jarumta, kare na mace alamar riƙon amana, wasu karnukan har da ƙararrawa a wuya, wasu kuma dabbar tambarin gidansu ce. In wani yace miki duk barden da ya harɗe ƙafa yaje yaƙin Ƙudus ne kar ki ɗauka, masana sun daɗe da watsar da wannan, salon sassaƙa ne na lokacin.

Jikan_Sankira:

Anti bari in ɗauki ɓangaren garkuwoyin tunda shi su Baba Dattijo suka bar min, kuma shi ne abin da ya fi cin lokacina tun da nazo karatu. Hanya mafi sauƙi da zaki gane shi: ki ɗauka kirarin gida ne da salsala amma da launi aka rubuta. Yadda a da in ka ga zanen fuskar mutum kasan Bagobiri ne ko Bakabe, ko in kaji taken da ake busawa kasan wane basarake ne ke tafe tun baka ganshi ba, to haka garkuwar take a wurinsu. Ta fara ne wajen tsakiyar ƙarni na 12, barde ya rufe fuska da kwalkwali dole a san shi da wani abu, kuma da ita yake buga hatimi a takarda, daga nan ta zama gado daga uba zuwa ɗa.

Launukan ƙidayayyu ne, zinari da azurfa wato rawaya da fari, sai ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya, kuma ƙa'ida ba a ɗora launi kan launi ko zinari kan azurfa, don a iya hangowa daga nesa. In kika ga garkuwa an tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa aure ne, gefen hagunki na miji gefen damanki na gidan uban matar. In matar bata da ɗan'uwa namiji ita ce magajiya, to 'ya'yanta zasu haɗa tambarin gidanta da na ubansu su raba garkuwar gida huɗu, haka ake ta tarawa, don haka wadda kika ga gida goma sha wani abu tana faɗa miki ne cewa gidan nan sun auri magada da yawa kuma kowace ta shigo da ƙasa. Har tsakanin 'yan'uwa akwai alama, ɗan fari wata 'yar sanda mai haƙora uku a sama, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu ɗan tsuntsu marar ƙafa.

Ga aikin gida in kin koma Bottesford. Tambarin Manners zinari ne da ratsi biyu shuɗɗa a kwance, a sama kuma akwai furanni da zaki irin na gidan sarautar Ingila, wannan ƙari ne da Henry na takwas ya basu saboda kakar Earl na farko ta wajen uwa 'yar'uwar sarki Edward na huɗu ce. Ɗawisun nasu ne, shi ke zama a saman kwalkwali. Sannan ki nemi wani gida ja mai wasu abubuwa uku farare masu kama da jaka biyu rataye a sanda, salkar ruwa ce, tambarin gidan de Ros, su ne masu Belvoir kafin gidan Manners, wani Manners ya auri 'yarsu Eleanor gidan ya dawo hannunsu. Wato a cikin 'yar salkar nan aka rubuta yadda suka samu duk ƙasar da kike gani.

Kar ki ɗauka wasa ne a wurinsu. Daga 1385 zuwa 1390 anyi shari'a tsakanin gidan Scrope da gidan Grosvenor don dukkansu suna amfani da shuɗiyar garkuwa mai ratsin zinari a karkace, aka kira ɗaruruwan shaidu, Scrope yayi nasara, Grosvenor ya koma damin alkama na zinari a kan shuɗi, zuriyarsa su ne masu sarautar Duke na Westminster yanzu. Wanda ya fi wannan, Henry Howard Earl na Surrey, an sare masa kai a Janairun 1547 kuma babban abin da aka tuhume shi da shi shine ya saka tambarin wani tsohon sarki, Edward mai lakabin Confessor, cikin nasa, aka ce yana harin gadon sarauta kenan. Kabarinsa yana cocin Framlingham a Suffolk, kambinsa ba a kansa yake ba, an ajiye shi a gefe kusa da ƙafarsa don nuna an tuɓe shi. Akwai ofishi guda na wannan aiki a Landan, College of Arms, tun 1484, kuma daga 1530 zuwa 1688 jami'ansa suna zagaya larduna suna bincikar wa ke da haƙƙin tambari wa ya ƙirƙira, kamar dai a ce sankira ne da rajista da ikon hukunci.

Baƙaƙen allunan da kika gani na jana'iza ne. In babban mutum ya mutu sai a zana tambarinsa a rataye a ƙofar gidansa wata shida zuwa shekara, sannan a kai coci. Bayan garkuwar zaki duba, gefen da aka yi wa baƙi shi ne ya mutu, in hagunki ne baƙi miji ya rasu matar na raye, in dama ne matar ce ta rasu, in duka baƙi ne to babu wanda ya rage cikinsu. Sau da yawa a ƙasa an rubuta Resurgam, wato zan tashi.

Kuma abin ya biyo mu har gida, ki duba bangon fasfo ɗinki. Baƙar garkuwa, farin ratsi mai reshe biyu na kogin Neja da Binuwai, dawakai biyu farare suna riƙe da ita, jan gaggafa a sama, taken ƙasa a ƙasa, tsarin nan ne sak aka bi a 1960.

Bakatsine_a_Bristol:

Duk bayanan nan sunyi, amma akwai abin da ba a taɓo ba kuma mu baƙaƙen fata ya shafe mu. In kuka wuce zamanin barade kuka zo allunan mabul na bango na shekarun 1700 zuwa 1800, ku riƙa karanta rubutun da kyau, zaku ga wane na Jamaika, wane na Barbados, mutumin kirki mai tausayi mai kyauta, alhali dukiyar daga gonakin rake ta fito inda bayi 'yan Afirka ke mutuwa. Ina garin nan na Bristol aka tumɓuke gunkin Edward Colston mai fataucin bayi aka jefa a ruwa a watan Yunin 2020, kabarinsa kuma yana cikin cocin All Saints da dogon jerin sadakokinsa. A cocin St Peter na Dorchester akwai allon wani John Gordon da ya mutu 1774, ana yabonsa a kai don ya taimaka wajen murƙushe tawayen bayi a Jamaika a 1760, sai da aka je kotun coci, don ko ƙusa ba a cirewa a irin ginin nan sai da izininta, a 2022 ta yarda a cire shi a kai gidan tarihi. Na Tobias Rustat kuwa a Jesus College na Cambridge a shekarar dai kotu ta ƙi. Ni ra'ayina kar a fasa ko ɗaya, a bar su a rubuta gaskiya a gefe, don in aka kawar gobe wani zai ce ba a yi ba.

Kuma mu 'yan Arewa akwai namu a ciki, Lugga da ya ci Kano da Sakkwato a 1903 a ƙauyen Abinger na Surrey ya ƙare rayuwarsa, ya mutu 1945, kuma akwai abin tunawa da shi a cocin ƙauyen. Wuri shiru, itatuwa, tsuntsaye na kuka, mai wucewa ba zai taɓa sanin abin da sunan nan ke nufi a Giginya ko Burmi ba.

Maman_Sadiq:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi ya saka da alheri. Malam Abu Hafsa na karɓi nasiha, Allah ya sa mu cika da imani. Yaya Rifkatu in Allah ya kawo ni Kent zan neme ki ki kaini inga faifan nan.

Jiya na koma da tsohuwata, na ce mata yau ni zan mata bayani. Jikan Sankira na samu salkar! Da farko ban gane ta ba don bata yi kama da tamu sosai ba, sai da na ƙura ido, kuma da na gane ta sau ɗaya sai na riƙa ganinta a kabari bayan kabari. Na nuna mata nace ta nan gidan ya shigo hannunsu, tace shekara sittin tana shiga cocin nan ba wanda ya taɓa faɗa mata. Na tsaya gaban yaran nan biyu na karanta rubutun da kaina, yana nan yadda Baba Dattijo ya faɗa, na tuna Sadiq ɗina da na baro wurin mahaifiyata, na kuma tuna 'yan matan da aka rataye.

Da muka fito ta sa na tura ta can ƙarshen harabar wajen wata ciyawa da ba dutse ko ɗaya, tace kakannin mijinta a nan suke, leburorin gona ne duk rayuwarsu, ta san wurin ne kawai don surukarta ta nuna mata, ta raba furen biyu ta ajiye rabi a nan.

Gobe ina da aiki a ɗaya ƙauyen, zan leƙa allunan da rana in duba gefen da yake baƙi. Akwai ɗaya da na tuna duka baƙi ne kuma a samansa maimakon dabba ƙoƙon kai aka zana, Jikan Sankira wannan kuma me yake nufi?

Jikan_Sankira:

Anti galibi ana fassara shi da cewa mutumin shi ne na ƙarshe a gidansu, bai bar magajin da zai ɗauki tambarin ba. Ki ɗauko hotonsa da hasken rana ki turo, in launukan sun fito zamu iya gano ko wane gida ne.